Keola Beamer: ɗan gado ne da ya raya kiɗan gidansu, ko kai shi kasuwa ya yi?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Daren jiya ina neman abin da zan saurara barci ya ɗauke ni, sai YouTube ta jefo mini wani dattijo mai jita, Keola Beamer, mutumin Hawai. Barcin da ban yi ba ke nan sai wajen ƙarfe biyu. Jita ɗaya ce a cinyarsa, amma ka rantse mutum biyu ne ke kaɗawa, ɗaya yana riƙe da gindin kiɗan, ɗaya yana zuba waƙa a sama. Da na ci gaba da bi sai na same shi tare da wani mai busa sarewa ɗan asalin Amurka, can kuma da mai fiyano ɗan jaz, can kuma yana kaɗa kiɗan Turawan Faransa. Abin da nake so a warware mini: wannan har yanzu kiɗan gargajiyar Hawai ne, ko dambu ne kawai aka haɗa don Turawa su saya?

Sarkin Gardama: Wa alaikumus salam. To mu ina ruwanmu da Hawai? Wurin da ko a taswira sai ka sa tabarau kafin ka gan shi. Kuntigin Ɗan Maraya na nan tun 2015 babu wanda ya ɗauka da gaske, kun tafi tsakiyar teku kuna taya wasu kuka.

Malamar Tarihi: Sarki, ka bari a amsa wa bawan Allah tambayarsa. Ɗan Tudun Wada, kafin ka ce dambu, ka fara sanin cewa jitar kanta baƙuwa ce a Hawai, kuma shanu ne suka jawo ta. A 1793 wani matuƙin jirgin ruwa na Ingila, George Vancouver, ya kai wa Sarki Kamehameha na Ɗaya kyautar shanu. Sarki ya sa doka kada kowa ya taɓa su. Suka yi ta haihuwa har suka zama na daji, suna shiga gonaki suna ɓarna. Wajen 1832, zamanin Kamehameha na Uku, aka ɗauko makiyaya masu dawaki daga Kalifoniya, wadda a lokacin ƙasar Meziko ce, don su koya wa mutanen tsibiri kiwo. Su ne ake cewa suka zo da jita. Har yau makiyayin Hawai sunansa paniolo, daga kalmar da ke nufin mutumin Sifaniya.

Da baƙin suka koma, jitocin suka zauna. Mutanen Hawai ba su bi yadda Turawa ke ɗaure tsirkiya ba. Sai suka sassauta wasu har ta kai in ka shafa duka shidan ba tare da ka danna komai ba, sauti mai daɗi ne ke fita. Shi ne kī hōʻalu, ma'anarsa a sassauta maɗauri. Abin da ka ji kamar mutum biyu kuwa babban yatsa ne ke aikin ganga a kan manyan tsirkiyoyi, sauran yatsu na rera waƙa a kan ƙanana.

Ɗalibin Manoa: Malama ta gama magana a kan asali. Ni na yi shekara huɗu ina karatu a Honolulu, bari in ƙara abin da ya shafi mutumin kansa, don nan ne rigimar take. Kowane gida na makaɗa yana da nasa salon ɗaurin tsirkiya, kuma sirri ne. Tsofaffi suna ba da labarin cewa in baƙo ya shigo sai mai jita ya daina, ko in zai ajiye ta ya warware ɗaurin don kada wani ya ɗauka ya gane. Koyarwarsu ma irin tamu ce ta dā: ido ya kalla, kunne ya saurara, baki ya yi shiru. Ba a tambaya. Sakamakon haka tsoho na mutuwa da salonsa. Sai a 1940 da wani abu wani makaɗi, Gabby Pahinui, ya fara sa kiɗan a faifai, amma ko shi ɗin ji ake yi, ba a san yadda aka ɗaure ba.

Keola, wanda aka haifa a 1951, ya fitar da faifansa na farko a 1972 a kan tsohon salon zalla. A 1973 kuma ya yi abin da ba a taɓa yi ba: ya buga littafin koyon kiɗan, ya rubuta ɗaurin tsirkiya da wurin sa yatsa, kowa ya saya. Yana ɗan shekara 22. Duk haɗe-haɗen da ya yi daga baya, a ganina, daga wannan littafin suka faro, domin ranar da ka buɗe ƙofar zaure ba kai ke zaɓen wanda zai shigo ba.

Jikan Sarkin Makaɗa: To a nan nake da magana. Ni gidan kiɗa na fito, kakana makaɗin fada ne, kawuna yana nan da ransa yana riƙe da kotson gidan. Akwai taken da ba a koya wa ɗan haye, ba don rowa ba. Taken yana da mai shi, yana da ranar da ake buga shi, yana da abin da ake faɗa kafin a buga. In ka rubuta shi a takarda ka sayar, hannun ka ba wa mutane, ladabin ka bari a gida. Yaro ɗan shekara 22 wa ya ba shi izinin raba abin da ba shi kaɗai ya gada ba? Gado amana ce, ba haja ba ce.

Ɗalibin Manoa: Ranka ya daɗe, maganarka tana da nauyi, kuma a can ma akwai dattawan da ba su ji daɗin abin ba. Amma ka dubi gidan da ya fito. Kakar mahaifiyarsa, Helen Desha Beamer, tana cikin manyan masu tsara waƙa na Hawai, ta rasu a 1952 kuma har yau ana rera waƙoƙinta. Mahaifiyarsa Nona Beamer kuwa ita aka kora daga makarantar Kamehameha a 1937 saboda ta yi rawar gargajiyarsu da ake kira hula a tsaye, alhali makarantar don 'ya'yan 'yan asalin Hawai aka kafa ta. A lokacin an yarda yarinya ta yi rawar a zaune kawai. Daga baya ta dawo makarantar nan ta koyar kusan shekara arba'in. Ɗan wannan matar ya tashi yana gani da idonsa yadda ake binne abin gidansu. Ba shigege ba ne.

Jikan Sarkin Makaɗa: Ban ce shigege ba ne. Cewa na yi ɗan gado ma yana iya sayar da gonar gado, kuma shi ya fi saurin samun mai saye, don shi ke da takarda.

Sarkin Gardama: Wallahi wannan ta shiga. Ɗalibi, sai ka sake shiri.

Malamar Tarihi: Malam Jika, ka haɗa da halin da ƙasar ke ciki kafin ka yanke masa hukunci. 'Yan mishan sun iso a 1820, zuwa 1830 an hana hula a bainar jama'a, sai zamanin Sarki Kalākaua ta farfaɗo. A 1893 wasu attajiran Turawa, da goyon bayan sojan ruwan Amurka, suka tumɓuke Sarauniya Liliʻuokalani. A 1896 aka mai da Ingilishi harshen koyarwa a makarantu, a 1898 Amurka ta haɗiye tsibiran. Zuwa farkon shekarun 1980 yaran da ke jin harshen Hawai a wajen ɗan tsibirin Niʻihau ba su kai hamsin ba. Hamsin fa. Kawunka yana ɓoye take ne a garin da miliyoyi ke jin Hausa, kuma sarki na hawa duk Sallah. Su kuwa fadar ma an rufe ta. Sirri yana da amfani ne idan akwai magaji a zaure yana jira. In babu, kabari ne magajin.

Hajiya Ta Damagaram: Salamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu, sai na tuna da marigayi Malam Maman Barka namu na Nijar, Allah ya jiƙansa. Malamin lakwal ne, gurumi yake kaɗawa. A 2002 ya tafi bakin Tafkin Cadi wurin Boukar Tar, tsohon da ya rage yana iya biram, molon nan na ƙabilar Buduma mai tsirkiya biyar da ke kama da kwalekwale. Barka ba Buduma ba ne, kuma biram abu ne mai tsarki a wurinsu. Tsohon ya duba hagu da dama bai ga na gida ba, ya koya masa, ya ba shi molon. Barka ya zaga da shi Turai. Malam Jika, da tsohon ya riƙe ƙa'idarka, yau ko sautin biram ba mu sani ba.

Jikan Sarkin Makaɗa: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Amma ki lura, tsohon da kansa ya zaɓi wanda zai ba. Ya zauna da shi, ya ga halinsa. Littafi ba ya ganin halin mai karatu.

Hajiya Ta Damagaram: Haka ne. Sai dai Barka ya rasu a 2018, kuma da ya bar littafi da hankalina ya fi kwanciya.

Uwar Biyu: Ku yi haƙuri in katse ku da abin da ba shi ake yi ba. Na je na saurari kiɗan Hawai ɗin nan, wani irin da ake kwantar da jita a cinya ana goga mata ƙarfe tana kuka. Wallahi na san wannan kukan! A tsofaffin finafinan Indiya da muke kallo muna yara, duk lokacin da jaruma za ta yi kuka a bakin taga shi ake sakawa. Ko kunnena ne?

Ɗalibin Manoa: Ba kunnenki ba ne, Yaya. Wannan wani reshe ne daban da na Keola, amma gida ɗaya. Joseph Kekuku, ɗan garin Lāʻie, shi ake danganta wa ƙirƙiro shi yana ɗalibi wajen 1889. Daga nan ya bazu duniya. Wani mai suna Tau Moe ya bar Hawai a 1928 da matarsa Rose, suka yi shekaru fiye da hamsin suna yawon kiɗa, kuma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu a Indiya suka zauna. Indiyawa suka karɓi wannan jita hannu bibbiyu saboda tana iya zamewa tsakanin sauti da sauti kamar muryar mawaƙansu. Har yau a Kalkata sunanta jitar Hawai. Wani Ba'indiye, Vishwa Mohan Bhatt, ya ƙara mata tsirkiyoyi ya yi tasa, ya ci Grammy, babbar lambar yabon kiɗa ta Amurka, a 1994 tare da makaɗin Amurka Ry Cooder.

Kuma ba sai mun je Indiya ba. Kukan nan da ke cikin jujun Sunny Ade, wanda Demola Adepoju ke yi, jikan jitar Kekuku ne. Sarkin Gardama, ka tambaya ina ruwanmu. Ka yi rawa da Hawai a bikin Yarbawa a Sabon Gari ba ka sani ba.

Sarkin Gardama: Ni ban taɓa rawa a Sabon Gari ba, a daina yi mini sharri a gaban matan aure. Amma na karɓi ta Indiyan.

Mai Kula da Zaure: Jama'a a dawo kan tambaya. Haɗin da Keola ya yi da baƙi ake magana.

Mai Fiyano Na Zoo Road: Yawwa, nan ne fannina, tunda da kiɗa nake ci. Na zauna na saurari ayyukansa bi da bi, kuma ba zan yi musu kuɗin goro ba, don ba ɗaya suke ba.

Wanda ya yi da R. Carlos Nakai a 2005 ya zauna daram. Nakai ɗan ƙabilar Navajo da Ute ne daga Arizona, sarewar itace yake busawa. Keola kuma yana busa sarewar gora ta Hawai, wadda da hanci ake busa ta, ba da baki ba. In ka ji su tare za ka lura kowa yana bar wa ɗan'uwansa fili. Sarewa ta ja dogon numfashi, jita ta jira, sannan ta amsa. Babu ganga mai kora su. Mutane biyu ne da ƙasa ɗaya ta haɗiye kakanninsu, suna hira, kuma ka ji hakan a cikin kiɗan ko ba a faɗa maka ba.

Wanda ya yi a 2006, inda ya ɗauko kiɗan su Satie da Ravel na Faransa ya kaɗa a ɗaurin Hawai, gwaninta ce, ban musa ba. Amma a kunnena rigar aro ce. Kiɗan Turawan nan yana yawan canza gida, yau yana nan gobe yana can, shi kuwa ɗaurin Hawai daɗinsa shi ne manyan tsirkiyoyi su zauna wuri ɗaya suna gurnani kamar goge. In ka tilasta masa yawo sai ya zama jita kawai. Na saurara sau biyu ban koma ba.

Sai wanda ya yi da Raiatea Helm a 2010, mai siririyar muryar nan 'yar Molokaʻi, har suka mai da wata sananniyar waƙar John Lennon zuwa harshen Hawai. Wannan ban san inda zan ajiye shi ba. Waƙar Bature ce, amma yaro a Honolulu ya ji ta da harshen kakarsa.

Ɗan Tudun Wada: Malam Mai Fiyano, to mene ne ma'aunin? Ta yaya kake gane wanda ya zauna da wanda bai zauna ba?

Mai Fiyano Na Zoo Road: Ka duba wa ke bin wa. In ka gayyaci mai kalangu situdiyo, ka riga ka ɗora bugun kwamfuta, ka ce ya bi, to ba kalangu ka ɗauka ba, ƙamshinsa ka ɗauka. Kalangu magana yake yi, yana ja yana saki, kwamfuta ba ta jira. Mu nan kullum haka muke yi, ni ma ina ciki, don furodusa yana son a gama kafin la'asar. A mafi yawan aikin Keola baƙin ne ke bin numfashin jitarsa. Ko mai fiyanon jaz ɗin, Geoffrey Keezer, mutumin da ya yi aiki da babban makaɗin jaz Art Blakey kuma yana iya zuba yatsu kamar ruwan sama, in yana tare da shi rage hannu yake yi. Kuma matarsa Moanalani tana nan a dandali da hula da kirarinsu na gargajiya da ƙwaryar da suke bugawa a ƙasa kamar shantu. Baƙo ya shigo, amma tabarmar mai gida aka shimfiɗa.

Jikan Sarkin Makaɗa: Wannan ma'aunin na yarda da shi. Amma ku faɗa mana gaskiya, da wanne ya yi kuɗi? Da tsohon salon, ko da wanda aka sa wa sukari?

Ɗalibin Manoa: Ka kama ni. Da mai sukarin ne. A 1978 shi da ƙanensa Kapono suka fitar da Honolulu City Lights, da Ingilishi, da gogen Turawa a baya, irin waƙar rediyo mai taushi. Ya zama ɗaya daga cikin faya-fayan da suka fi kasuwa a tarihin tsibiran, har yau in mutumin Hawai zai bar gida ita yake sakawa. Faya-fayansa na jita zalla kuwa, waɗanda masana ke yabo, akasari sun fito ne daga 1994 a kamfanin Dancing Cat na George Winston, Ba'amurke mai fiyano da ya kamu da son kiɗan ya bi tsofaffin makaɗa yana naɗa. Ka ga abin mamaki: ɗan gida ya yi suna da waƙar Ingilishi, baƙo kuma ya zuba kuɗinsa a tsohon salo.

Sarkin Gardama: Hankaka ke nan, mai da ɗan wani naka.

Malamar Tarihi: A'a Sarki, a nan ka zalunci marigayin. Winston sunayen masu kiɗan ya sa a faya-fayan, ba nasa ba, kuma a cikin takardun faifan ana rubuta ɗaurin da aka yi amfani da shi da wanda aka koya a wurinsa. In kana neman inda aka yi gunaguni, ka duba Grammy. An buɗe rukunin kiɗan Hawai a 2005 aka rufe bayan 2011, sau bakwai ke nan aka bayar. Shida daga ciki faya-fayan kamfanin Daniel Ho ne suka ɗauka. Shi haifaffen Honolulu ne kuma gwani ne, amma a Los Angeles yake zaune, kusa da masu jefa ƙuri'a. Mawaƙan da ke tsibiri suna rera waƙa da harshen Hawai suka yi ta ƙorafi cewa masu zaɓen ba sa jin harshen, jita mai daɗin kunne kawai suke ganewa. Daga 2012 aka cusa Hawai a rukuni ɗaya da kiɗan wasu al'ummomin Amurka. A nan aka sa sunan Keola a 2013, da aikin da ya yi da Nakai da Keezer, bai ci ba.

Jikan Sarkin Makaɗa: To kin kawo mini hujja da hannunki, Malama. Abin da nake tsoro ke nan. Da zarar kiɗa ya fita duniya, hannu ne ke tafiya, harshe ya zauna a gida. Baƙo yana son abin da ba sai ya koyi komai ba kafin ya ji daɗinsa. Sannu a hankali makaɗin gida ma sai ya fara kaɗa wa kunnen baƙo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ɗalibin Manoa: A wannan kam ba ni da ja, don na gani a otal-otal na Waikiki: ana kaɗa wa masu yawon buɗe ido suna cin abinci, babu mai sauraro. Kuma waƙar Hawai rabinta a ɓoye take. Suna da abin da suke kira kaona, wato ma'anar da ke ƙarƙashin magana. Mawaƙi zai yi ta yabon ruwan sama a kan wani dutse ko wata fure, alhali wata mace yake nufi, ko habaici yake wa wani basarake. Kamar Bature ne ya saurari Shata ya ce kai, gangar nan da daɗi. Ya ji wani abu, amma bai ji Shata ba.

Inda na rabu da kai shi ne a kan wa za a ɗora laifin. Kaɗa wa kunnen baƙo ya girmi Keola nesa ba kusa ba. Tun baje kolin San Francisco na 1915 Amurkawa suka haukace da kiɗan Hawai, aka yi ta rubuta waƙoƙin Ingilishi masu ɗan yayyafin kalmomin Hawai. Ƙarnin su Keola ne ya juyo da akalar gida a shekarun 1970, lokacin da aka tuƙa kwalekwalen Hōkūleʻa zuwa Tahiti a 1976 ba tare da na'ura ba, aka mai da harshen Hawai na hukuma a 1978, aka buɗe makarantun yara na Pūnana Leo masu koyarwa da harshen Hawai a 1984. Littafinsa cikin wannan guguwar ya fito. Yaran Hawai da ba su da kaka mai jita su ne suka fara amfana da shi, kafin wani Bajapane ko Bajamushe.

Uwar Biyu: Ni abin da ya tsaya mini shi ne, ina tsantsar take tun farko? Jita ta Meziko, an ce ƙaramar jitar nan ukulele ma ta 'yan Fotugal ce.

Malamar Tarihi: Daga tsibirin Madeira, a jirgin da ya iso a 1879 da ma'aikatan rake. Shugaban bandin sarki ma, Henry Berger, daga Jamus aka aiko shi a 1872, kuma haɗa muryoyi a waƙa daga cocin 'yan mishan suka ɗauka. Abin da ke nasu tun fil azal shi ne kirari, ganga, ƙwarya, sarewar hanci da hula.

Jikan Sarkin Makaɗa: Wannan hujjar ta "ai dā ma komai aro ne" ba ta ci na ba. Algaita ma ba a Kano aka ƙirƙiro ta ba, amma yau ba za ka busa ta yadda ka ga dama a ƙofar fada ba. Abin aro in ya kwana ɗari biyu a gida ya zama na gida, yana da dokarsa. Ba don kakanka ya auro baƙuwa ba ne za a ce gidanku ba shi da asali.

Mai Fiyano Na Zoo Road: Baba, wannan gaskiya ce, kuma ina ganin shi ma Keola zai yarda da kai, tunda bai taɓa sakin ɗaurin gidan ba. Ko kiɗan Faransawan da na kushe, a ɗaurin Hawai ya kaɗa shi.

Ɗan Tudun Wada: Ni dai kun sa na ɗauko jitar ƙanena da ke rataye tun bara. Ɗalibi, yaya ake ɗaurin nan?

Ɗalibin Manoa: Fara da mafi sauƙi, wanda suke kira fadamar gwaza, don gwaza ce tuwonsu. Jita ta saba zama E A D G B E daga babbar tsirkiya zuwa ƙarama. Sassauta ta shida daga E zuwa D, ta biyar daga A zuwa G, ta ɗaya daga E zuwa D. Sauran ukun kada ka taɓa. Ka samu D G D G B D. Shafa su duka ka ji. Sai babban yatsa ya riƙa kai da komo tsakanin ta biyar da ta huɗu, ba tsayawa, kamar mai daka. Sai ya zauna kafin ka sa sauran yatsu. Akwai wasu ɗaurin da suke kira wahine, wato mace, masu ɗan karkata mai sa kewa, su Keola ya fi shahara da su, amma wannan sai ka yi wata uku.

Jikan Sarkin Makaɗa: Kun gani ko? Sirrin da tsofaffi suka mutu suna ɓoyewa, ga shi an zubar a zauren WhatsApp tsakanin Magariba da Isha, ko goro ba a bayar ba.

Hajiya Ta Damagaram: Malam Jika, tsakaninka da Allah, taken gidanku nawa kawunka ya sani, nawa kai ka sani?

Jikan Sarkin Makaɗa: Hajiya, kin tambayi abin da ba na son a tambaya. Ni boko ta ɗauke ni. In na ƙirga da kyau ban wuce biyar ba, su ma da baki, ba da hannu ba. 'Ya'yansa biyu, ɗaya yana tuƙa Keke Napep, ɗaya yana sayar da waya.

Sarkin Gardama: To ka ɗauki ɗayan mai wayar ku je ku naɗa, ka daina yi wa mutumin Hawai wa'azi.

Ɗan Tudun Wada: Na ɗaure. Ta biyar ɗin tana ɗan zizara kamar ƙudan zuma, amma wallahi sautin ya fito. Maƙwabcina har ya leƙo.

Mai Fiyano Na Zoo Road: Tsirkiyar ta tsufa ne, kuma ta yi sako-sako. Sayi masu ɗan kauri.

Jikan Sarkin Makaɗa: Na kira kawun nawa yanzu bayan Isha. Na yi masa bayanin komai, har da labarin biram ɗin Hajiya. Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Sai ya ce in zo ranar Juma'a bayan an sauko, in taho da goro fari, in zo da babban ɗana. Ya ce wayar kuma in bar ta a mota.